Bayan Bak, Wane Fanni? Jagora ga Ɗaliban Maraɗi

Sakamakon bak, wato jarabawar kammala lise, yana fita gida ya cika da guɗa, maƙwabta su yi ta shigowa barka da arziki. Kafin a yi kwana uku kuma, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "To, me za ka karanta?" A nan ne yawancin ɗalibai suke gaggawa. Wani ya bi abokin da suka zauna benci ɗaya tun kolej, wani ya ɗauki abin da Baba ya yanke, wata kuwa ta ji an ce fanni kaza ne ake samun aiki da wuri, shi ke nan ta kai dosiye. Shawarata ita ce ka juya tambayar. Fara da aikin da kake jin za ka iya tashi kullum da safe ka yi har shekara ashirin, sannan ka dawo baya ka nemi makarantar da take kaiwa can. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙi, amma ƙannena mata, maganar har da ku.

Mataki na farko: tambayi takardun makinka

Ɗauko bultin ɗinka tun daga segwand har tarminal, ka haɗa da takardar makin bak, ka baje su a tabarma. Makin bak kaɗai ba ya isa shaida, don jarabawar ƴan kwanaki ce, zazzaɓi ko fargaba na iya ɓata ta, sa'a kuma na iya gyara ta. Shekara uku a jere ba sa ƙarya. Ka duba darussan da makinka bai taɓa sauka ƙasa da 12 bisa 20 ba, ka kuma duba waɗanda kullum da ƙyar kake kai 10. A ce kai ɗan seri D ne, kana cin 14 a kimiyyar halittu amma lissafi da fizik suna yawo tsakanin 7 da 8. Idan ka shiga injiniyanci don sunan yana da daɗin faɗa, lissafin da ka tsere wa shi zai tarbe ka a ƙofa, kuma ya fi na lise nauyi nesa ba kusa ba.

Serinka ma ya riga ya buɗe maka wasu ƙofofi ya rufe wasu. Seri A yana kaiwa ga shari'a, harsuna, tarihi, labarin ƙasa, ilimin zamantakewa da aikin jarida. C da D su ne hanyar likitanci, noma, da kimiyya. Waɗanda suka fito daga lise teknik irin Ɗan Kasawa, masu E da F sun fi kusa da gine-gine, lantarki da injuna, masu G kuma da lissafin kuɗi da gudanarwa. Kada ka ɓata wata guda kana mafarkin fannin da serinka ba ya shiga.

Akwai kuma shaidar da ba ta cikin bultin. Wane darasi ne ƴan ajinku suke zuwa ka yi musu bayaninsa? Wane littafi kake buɗewa ba don gobe akwai debuwar ba? Sannan ka auna Faransancinka da gaskiya. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma a jami'a har yanzu da Faransanci ake lacca, da shi ake rubuta jarabawa. Mai raunin rubutu zai sha wuya ko da ya gane darasin, musamman a shari'a da adabi. Hutun nan kafin a koma shi ne lokacin gyara wannan.

Mataki na biyu: je ka ga aikin da idonka

Wannan matakin ya fi duk sauran, shi ne kuma wanda kusan kowa yake tsallakewa. Da yawa daga masu cewa suna son likitanci, farar rigar suke so da yadda ake gaishe da mai ita. Zuwa da kai ya fi aike. Zaɓi sana'a biyu ko uku da suke ranka, ka nemi mai yin kowacce, ka roƙi ya bar ka ka zauna kusa da shi na ƴan kwanaki. A garin nan ba a rasa hanya: yayan abokinka, surukin kawunka, tsohon malaminku na lise.

Mai son aikin lafiya ya nemi izini ya leƙa asibiti a tsakiyar damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin sauro da tamowa suke cika ɗakin yara. Ka tsaya ka ga ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya a hannun yaron da jininsa ya ƙare, uwar tana riƙe da ƙafafunsa, wasu iyaye mata sun yi layi a bakin ƙofa da goyo. Ka ji warin ɗakin. Ka ga wanda ya kwana gadi yana miƙa aiki da safe, idonsa ja. Idan ka fito zuciyarka tana cewa "ina ma na iya taimakawa", alama ce mai kyau. Idan kuwa ka fito kana Allah-Allah kada a sake kiranka, ka gode wa Allah da ka gane tun yanzu, ba a shekara ta uku ba.

Mai son gine-gine ya je wurin da ake zuba dal a watan Afrilu ko Mayu, rana ta wuce digiri 40. Injiniyan ba a ofis mai sanyi yake wuni ba. Yana tsaye yana ƙirga ƙarafa, yana duba ko an ɗaure su yadda zane ya ce, yana jayayya da birkila da ya ƙara yashi don siminti ya yi auki, ga mai gida a waya yana cewa kuɗi sun yi yawa. Rabin aikin lissafi ne, rabi kuma iya magana da mutane.

Noma kuwa shi ne fannin da ɗalibai suka fi rainawa, wai "na baro gona don in koma gona?" Ni ina ganin a jihar Maraɗi wannan kuskure ne babba. Je ka Jiratawa ka ga yadda ake ban ruwa da yadda zogale yake fita daga can zuwa kasuwanni. Je ka cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, inda aka yi aiki a kan buhun nan mai rufi uku da yake ajiye wake ba tare da magani ba, da kuma ƙananan ƙwarin da ake saki a gonaki don su kashe tsutsar zangarniyar hatsi. Leƙa cibiyar kiwon jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofo a gona, a jihar nan ya fara a shekarun 1980, yau ƙasashe da dama suna kwaikwayo. Duk waɗannan aikin masu ilimin noma ne, kuma mai wannan ilimin yana iya tsayawa da ƙafarsa: sayar da ingantaccen iri, kiwon kaji, sarrafa gujiya, ridi da aya.

Idan ka samu zama da mai sana'ar, kada ka tambaye shi albashinsa kai tsaye, ba zai ji daɗi ba, ba kuma zai gaya maka gaskiya ba. Ka ce: "Yaya, daga gama karatunka zuwa kuɗin farko da aikin nan ya ba ka, shekara nawa aka yi?" Ka ce: "Hajiya, wane ɓangare na aikin nan ne ya fi gundurar ki?" Tambayar da ta fi duka amfani ita ce: "Ƴan ajinku da kuka gama tare, ina suke yanzu?" Amsarta za ta nuna maka kasuwar fannin fiye da duk wata takardar talla. Idan ya lissafo goma, biyu suna aikin da suka karanta, sauran suna kabu-kabu ko suna zaman fada ana dafa shayi, ka ji abin da ya kamata ka ji. Kuma kada ka tsaya ga mutum ɗaya. Wanda ya yi nasara zai ce fannin zuma ne, wanda ya sha wuya zai ce ka gudu, gaskiyar tana tsakani.

Mataki na uku: san inda ake koyar da me

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ta fi ƙarfi ta wajen kimiyya. Tana da fakilten kimiyya da fasaha, na noma da muhalli, na kiwon lafiya, da kuma IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'ar, inda ake koyar da gine-gine, lantarki da injuna. Wannan yana nufin ɗan seri C, D, E ko F yana iya yin karatunsa yana kwana gidansu, ɗan seri A kuwa galibi sai ya ɗauki jaka. Shari'a, tattalin arziki da gudanarwa akwai su a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Adabi da ilimin zamantakewa akwai su a jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda ba ta kai kilomita 250 daga nan ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce uwa, ta fi kowacce yawan fannoni, ta kuma fi kowacce cunkoso, ga nisan sama da kilomita 600. A 2014 an ƙara huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, kowacce da abin da ta sa gaba: Agadas makamashi, Difa muhalli, Doso fasahar sadarwa da kwamfuta, Tilaberi noma da abinci. Mai Larabci da ilimin addini yana da Jami'ar Musulunci ta Sayi.

Ba jami'a ce kaɗai hanya ba. EMIG a Yamai tana fitar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, abin dubawa ga mai tunanin uraniyom na Arlit ko matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 kusa da Damagaram. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram suna horar da ma'aikatan jinya da ungozoma. IPDR ta Kollo tana horar da ma'aikatan raya karkara. Irin waɗannan makarantu sau da yawa da konkur ake shigarsu, don haka sai ka sa kunne tun da wuri, kada ka ji labari bayan an rufe karɓar takardu.

Ka kuma fahimci tsarin karatun. Lisans shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30 (kiredi shi ne ma'aunin darussan da ka ci), jimla 180. Mastar shekara 2 a kai, digirin dakta 3 ko fiye. Likitanci ba ya kasa shekara 7. BTS, wato diplomar ƙwararren ma'aikacin fasaha, shekara 2 ce. Wasu fannonin, kamar ilimin zamantakewa ko kimiyyar halittu zalla, lisans kaɗai ba ta cika kai mutum ko'ina ba sai ya ƙara mastar. Mai lantarki ko aikin awo a asibiti kuwa, da gajeren karatu ma yana iya fara cin guminsa.

Mataki na huɗu: in gwamnati ba ta ɗauke ka ba fa?

Iyayenmu sun taso lokacin da mai diploma yake gamawa a ba shi lambar matrikul ta ma'aikacin gwamnati. Wannan zamanin ya wuce. Wajen rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu fitowa daga jami'o'i suna ƙaruwa kowace shekara, gurbin gwamnati kuwa kaɗan ne. Hanyar da aka saba gani yanzu ita ce a gama, a yi sabis sibik, wato hidimar ƙasa, a shiga kwantaragi, a yi ta jiran konkur. Don haka kowane fanni da ka rubuta, ka yi masa tambaya uku. Gwamnati tana ɗaukar masu shi? Kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna nemansu? Ni kaɗai, da ɗan jari, zan iya buɗe wani abu da shi? Fannin da ya amsa "e" sau biyu ya isa a dogara da shi. Wanda ƙofarsa ɗaya ce tak, ita ma ta gwamnati, sai in kana matuƙar sonsa kuma kana cikin na gaba a aji.

Maraɗi garin kasuwa ne, iyakar Najeriya tana nan wajen kilomita 50 ta Ɗan Isa. Alhazan garin nan suna buƙatar mai riƙe musu littafin kuɗi, mai fitar da kaya daga duwan, mai haɗa musu sola, mai gyaran famfon burtsatse. Duk abin da ka karanta, ka ɗora masa abu biyu: kwamfuta, aƙalla ka iya Word da Excel da kyau, da kuma Turancin Ingilishi. Mai Hausa da Faransanci da Ingilishi a bakin iyakar nan ba ya rasa abin yi.

Koyarwa ma kada a ɗauke ta a matsayin wurin fakewa kawai. Malaman lissafi da fizik suna da wuyar samu, mai iya su ana nemansa a makarantun gwamnati da na kuɗi. Amma wanda ba ya haƙuri da yara, don Allah ya bar musu alli.

Mataki na biyar: lissafin kuɗi da shekaru

Zauna da biro ka rubuta abin da shekara ɗaya za ta ci: rajista, haya in ba ka samu ɗaki a gidan kwanan ɗalibai na jami'a ba, abinci, kuɗin kabu-kabu, fotokofi, intanet, motar zuwa gida lokacin salla. Hukumar ANAB ce take kula da burs da tallafin ɗalibai, amma ba kowa yake samu ba, akwai sharuɗɗan maki da shekaru, sai ka nemi na bana daga bakinsu. Ko ka samu, kada ka gina rayuwarka a kan ranar fitarta. Sannan ka ƙara shekara ɗaya a lissafinka, don yajin aiki da jinkirin zango sukan sa lisans ta shekara 3 ta zarce haka. Ɗan fari da ƙanne bakwai suke kallo, mahaifinsa kuma ƙarfi ya fara ƙarewa, ba laifi ba ne ya ɗauki gajeren karatu ya fara aiki, daga baya ya koma ya ƙara. Ana yin haka, kuma ana kaiwa.

Makarantun kuɗi da karatun ƙetare

Makarantu masu zaman kansu sun yawaita a garin nan, har daga Najeriya ake zuwa karatu. Akwai nagari, akwai kuma waɗanda allon bakin ƙofa ya fi abin da ke ciki kyau. Kafin ka biya ko dala, nemi ganin takardar izinin da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba su, ka tabbatar izinin ya shafi fannin da kake so, ba makarantar kawai ba. Tambayi ko diplomar ta ƙasa ce ko ta makarantar ce kaɗai, da ko CAMES, hukumar da take tantance diplomomin ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da ita. Ka ce a zagaya da kai ɗakin gwaji. Makarantar da take koyar da lantarki ba ta da mita ko ɗaya da ɗalibi zai riƙe, ka san abin da za ka fito da shi. Mai tunanin Katsina, Kano, Zariya ko Sakkwato ya fara da Ingilishi, ya kuma bincika yadda za a daidaita masa takardarsa idan ya dawo gida.

Mataki na shida: zama da iyaye

Kada ka tari Baba da "ni ba na so". Ba a haka da manya, kuma ba ya biyan buƙata. Yawanci abin da ke ransa tsoro ne, kada ya kashe kuɗi ka dawo ka zauna masa a zaure. Ka zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, bayan isha'i misali, ka durƙusa ka ce: "Baba, na ji shawararku a kan likitanci, na kuma je na gani. Ga makina na shekara uku. Ina tsoron in shiga in kasa, a yi asarar shekara biyu. Ga abin da nake ganin zan iya, ga inda ake koyar da shi, ga waɗanda suka yi shi da abin da suke yi yanzu." Uba yana sauraron ɗan da ya zo da hujja. Idan abin ya yi tsauri, ka bi ta wajen Inna, ko kawu, ko wani malami da Baba yake jin nauyinsa. Ka kuma buɗe kunne, don wani lokaci su ne da gaskiya: sun san halinka tun kana rarrafe, sun san ko kai mai jure dogon karatu ne.

Ga ƴan mata akwai ƙarin magana. Sau da yawa ba fannin ne matsalar ba, nisan ne da batun aure. Idan gida ba su yarda da Yamai ba, ki duba abin da ke nan Maraɗi kafin ki haƙura gaba ɗaya, ko ki nemo gwaggo ko yaya a Damagaram ko Tawa da za ki zauna wurinta. Idan akwai manemi, a yi maganar karatu a gaban manya tun kafin a sa rana, kada a bar ta a "za mu gani". Kuma kada ki yarda cewa ungozoma da koyarwa ne kaɗai naki. Suna da daraja, ana kuma buƙatarsu ƙwarai, amma mai 15 a lissafi tana da wuri a injiniyanci kamar kowa.

Mataki na bakwai: dosiye da zangon farko

Rubuta zaɓi uku: wanda ka fi so, wanda yake kusa da shi, da wanda ka tabbata makinka zai shigar da kai. Kada na ukun ya zama abin da ka tsana, don yana iya zama shi ne rabonka. Tun yanzu ka tanadi takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, shaidar cin bak, takardar maki, hotuna, da kofe da yawa da aka buga wa hatimi. Duba sunanka da ranar haihuwarka harafi bayan harafi a kowace takarda. Wanda aka rubuta masa Mahamadou a wata, Mahamane a wata, zai yi ta zirga-zirga tsakanin ma'aikatar magajin gari da kotu ana gab da rufe rajista. Takardar shaidar rashin laifi kuwa wata 3 take yi ta mutu, kada ka yanke ta da wuri.

Idan an fara karatu, ba zangon farko haƙƙinsa kafin ka yanke hukunci. Kowa yana rikicewa a makonnin farko: aji ya cika maƙil, malami yana gudu, ba mai tambayar ko ka zo. Nemi ƴan shekara ta biyu su ba ka tsofaffin jarabawa, ka shiga rukunin nazari na mutum huɗu ko biyar, kada ka bar darussan gwaji su wuce ka. Bayan sakamako ya fito sai ka bambance abu biyu. Idan darussan suna maka daɗi amma maki ya yi ƙasa, yadda kake karatu ne yake son gyara. Idan kuwa ko buɗe littafin ba ka son yi, ga maki a ƙasa, ka je ofishin kula da rajistar ɗalibai tun kafin shekara ta ƙare, ka tambayi sharuɗɗan canza fanni, waɗanne kiredi ne za su bi ka, da abin da canjin zai yi wa burs ɗinka. Canji a ƙarshen shekarar farko shekara ɗaya yake ci, a shekara ta uku kuwa uku ne. A kowane dogon hutu kuma ka nemi sitaj, wato zaman koyon aiki a wata ma'aikata, ko ba a biya, ka karɓi takardar shaidarsa ka ajiye cikin dosiyenka, don duk inda ka kai neman aiki sai an tambaye ka inda ka taɓa yi.